Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan 'Yan Sandan Jihar Borno

Ranka ya daɗe,

Ina yi maka ta'aziyyar jami'anka da suka kwanta dama a bakin aiki a jihar nan tun daga 2009 zuwa yau. Allah ya jiƙansu, ya dubi marayun da suka bari. Na sa wannan a gaba ne domin abin da zai biyo baya yana da ɗaci, kuma ba na so a ɗauke shi maganar wanda bai san haƙƙin da 'yan sanda ke da shi a kanmu ba.

Ni mazaunin Galtimari ne a Ƙaramar Hukumar Jere. Da maganar tawa ce ni kaɗai, da na rubuta takarda na kai ofishinka na jira amsa. To, ta jama'a ce. Ana yin ta a majalisa bayan sallar la'asar, ana yin ta a cikin keke napep tsakanin Tashar Bama da Kwastan, mata na yin ta a gidan suna. Da an hango kaki kuwa sai kowa ya tsuke bakinsa. Maganar ita ce mutanen unguwarmu ba su amince da 'yan sanda ba, kuma babban dalili shi ne da wuya ka sami wanda ya taɓa ganin ɗan sandan da ya zalunci talaka ya ɗanɗana hukunci, an kuma gaya wa talakan cewa an hukunta shi.

Kada ka ɗauka ƙin ku ake yi. Duk magidancin da ka tambaya a nan zai ce yana son ƙarin sintiri, musamman da dare, tun da yara masu ƙwacen waya da wuƙa suka addabi lunguna. Amma a ƙwace wa mutum wayar, ka ce masa ya je caji ofis, sai ya girgiza kai ya ce ya bar wa Allah. Akwai tawakkali a ciki, akwai kuma lissafi. Ya san za a ce ya kawo kuɗin takarda da biro, ya kawo kuɗin mai in za a fita bincike, ga kuma fargabar kada mai ƙara ya wayi gari shi ne ake tuhuma. Wannan ciwo ba na Borno ba ne kaɗai. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2016 mutum 46 cikin kowane 100 da suka yi hulɗa da ɗan sanda sun gamu da cin hanci. A 2019 adadin ya sauko zuwa 33. An samu sauƙi, amma har a lokacin 'yan sanda ne a kan gaba cikin ma'aikatan gwamnati.

Bari in ba ka labarin wata maƙwabciyata, bazawara mai suyar ƙosai, ba tare da na ambaci sunanta ko sunan caji ofis ɗin ba. Babban ɗanta yana tuƙa keken wani mutum a kan yarjejeniyar kawo balas kullum. Keke ya lalace, balas ya taru, suka yi cacar baki da mai keken, yaro ya ɓuya. Da aka zo nemansa ba a same shi ba, sai aka tafi da ƙaninsa, ɗalibin sakandare, aka ce in wan ya fito za a sake shi. Na raka ta. A jikin bangon ofishin akwai takarda manne, ta kode saboda daɗewa, an rubuta cewa beli kyauta ne. A gindin kanta ga takalma da bel-bel na waɗanda ke tsare an jibge wuri ɗaya, ta gane silifas ɗin ɗanta a ciki tun kafin a yi mata magana. Ta zo da tuwo a kwano, aka sa ta ɗanɗana, aka karɓa. Kafin yaron ya fito sai da ta sayar da akuyar da take kiwo don Sallah, ta kwance bakin mayafinta ta ƙirga kuɗin a kan kanta, babu rasit, babu rubutu. Da ta dawo gida maƙwabta suka cika tsakar gidan suna yi mata barka. Da na kawo zancen kai ƙara, sai ta dube ni kamar mai shirin jawo mata wata masifar, ta tambaye ni wajen wa za ta kai, alhali waɗanda za ta kai wa su ne suka karɓa.

Yallaɓai, ka fi ni sanin cewa duk abin da aka yi a wannan labari doka ta hana. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Satumbar 2020 ta maye gurbin ta 1943, ta ce a sashe na 36 ba a kama wani a madadin wani. Ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya. Ta wajabta a gaya wa wanda aka kama dalilin kamun, a kuma sanar da danginsa ba tare da sun biya ko sisi ba. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda ake zargi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma a Maiduguri babu caji ofis ɗin da zai ce kotu ta yi masa nisa. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya gana wa wanda ke hannunsa azaba. Dokoki kam muna da su. Abin da maƙwabciyata ba ta da shi shi ne shaidar cewa suna aiki a kan mai kaki.

Na san akwai masu cewa wannan ƙaramin abu ne a jihar da ke fama da bam da garkuwa da mutane. Ni kuwa ina ganin babu jihar da ya kamata ta fi Borno tsoron barin jami'i ya yi laifi ya sha, domin mun riga mun biya kuɗin wannan darasi da jini.

A ranar 11 ga Yunin 2009 jami'an rundunar haɗin gwiwa ta Operation Flush suka buɗe wuta kan mabiya Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, da ke kan hanyar kai gawa maƙabarta, bayan sa-in-sa kan dokar sanya hular kwano, aka raunata mutum 17. Ba mu ji an hukunta kowa ba. A ƙarshen Yuli rikici ya ɓarke, ya ci rayuka fiye da 700, cikinsu har da 'yan sandan da aka far wa a ofisoshinsu. Ranar 30 ga Yuli sojoji suka kama Muhammad Yusuf da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda, cikin 'yan sa'o'i sai ga gawarsa. Haka aka kashe Buji Foi, tsohon kwamishinan harkokin addini. Haka Baba Fugu Muhammad, surukin Yusuf, dattijo mai shekara fiye da 70, ya kai kansa wajen 'yan sanda da ƙafarsa, bai dawo gida ba. A watan Fabrairun 2010 tashar Aljazeera ta nuna hoton bidiyon da duniya ta gani: ana sa mutane su kwanta ruf da ciki a bakin titi a garin nan, har da masu dogara sanda, ana harbe su.

Ba ni da wani uzuri da zan nema wa Muhammad Yusuf. Abin da mabiyansa suka yi wa garin nan da jihar nan ya fi ƙarfin baki, kuma babu gida a Galtimari da bai yi zaman makoki ba saboda su. Amma kotu ce ta cancanci ta yanke masa hukunci. Da an gurfanar da shi, da an yi masa tambayoyi a bainar jama'a: wa ya ba shi kuɗi, wa ya tsaya masa a lokutan da aka kama shi aka sake shi, ina makamai suka fito. Harsashin da ya kashe shi ya binne waɗannan amsoshi, ya kuma ba wa waɗanda suka tsere labarin da suka riƙa jan matasa da shi shekara da shekaru.

Dubi yadda aka yi da shari'ar. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ba da umarnin bincike, jama'a ba su ga rahoton ba. Iyalan Baba Fugu suka je Babbar Kotun Jihar Borno, a watan Afrilun 2010 ta yanke cewa kisan ya saɓa doka, ta ce a biya su diyyar naira miliyan 100, kuma sai a farkon 2012 gwamnatin jiha ta biya. Kuɗin daga baitulmali ya fito, wato daga aljihun jama'a, wanda ya ja kunamar bindiga kuwa ba a nuna mana shi ba. Kwamitin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa a 2011 a ƙarƙashin Ambasada Usman Gaji Galtimari domin duba matsalar tsaro a Arewa maso Gabas ya lissafa kisan Yusuf da rashin hukunta masu hannu a ciki cikin abubuwan da suka rura wutar. A 2011 ɗin, kan kisan Yusuf, aka gurfanar da jami'ai biyar a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a 2015 kotu ta sallame su. Ba na jayayya da hukuncin kotu, wanda kotu ta wanke ya wanku. Amma in ba su ba ne, to su wane ne? Mutum ya mutu a hannun hukuma, a harabar hukuma, kuma har yau hukuma ba ta ce ga wanda ya yi ba.

Su wa suka fara biyan wannan bashi? Ƙananan 'yan sanda. Kurtu da kofur da saje waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, su aka riƙa bi a kan babura ana harbewa a shingen bincike da ƙofar gidajensu daga 2010, har ta kai aka hana hawa babur a Maiduguri a watan Yulin 2011. Ranar 16 ga Yunin 2011 bam ya tashi a hedikwatarku ta ƙasa a Abuja. Saboda haka idan wani babban jami'i ya ce maka rufa wa mai laifi asiri kare martabar runduna ne, ka tuna masa da matan waɗannan ƙananan jami'ai da suka yi takaba.

Wannan ya kawo ni ga muhawarar da ake yi. Na sha zama da tsofaffin 'yan sanda, mutanen kirki, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa muna cikin yaƙi, jami'in da yake tsoron a kai shi gaban kwamiti gobe ba zai yi ƙarfin halin tunkarar ɗan bindiga yau ba. Suna cewa kotu na sakin ɓarawon da suka sha wuyar kamawa, shaidu ba sa zuwa, fallasa jami'i a jarida kuma karya gwiwar saura ne. Na ji. Amma babu mai hankalin da ke neman a hukunta ɗan sandan da ya kare kansa daga mai makami. Ana maganar wanda ya mari direban keke saboda naira ɗari ne, da wanda ya rataye yaro a ɗaki don ya amsa laifi, da wanda ya harbi mutumin da hannunsa ke cikin ankwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar jarumta, kuma hana su ba ya rage wa jarumi komai. Kukan ce wake ɗaya ke ɓata gari. Gaskiya ne, amma mu da ke cin tuwon ba mu taɓa ganin an tsince waken ba. Abin da muke ji shi ne an yi wa jami'i canjin wurin aiki, ya tafi wata unguwar da halinsa.

Akwai kuma abin da tarihin garin nan ya koya mana game da yadda ake cin galaba. Shekaru aka yi ana kame, ana ƙona shaguna bayan kowane hari, ana jibge motocin yaƙi, amma 'yan Boko Haram na zaune a cikin unguwanni. Ba su bar Maiduguri ba sai a 2013, lokacin da matasan gari suka tashi da gora da adda, aka sami 'yan kato da gora, suka riƙa nuna ga wane ga wane. Makaminsu na gaskiya shi ne sanin mutane: sun san ɗan gidan wane ne, sun san baƙon da ya kama haya jiya. Wannan sanin yana nan a kowane lungu na Galtimari har gobe. Mai shayi ya san inda ake sayar da ƙwaya, mai cajin waya ya san wanda ke kawo wayoyin sata. Ba za su faɗa ba, domin suna tsoron sunansu zai fita daga caji ofis kafin su iso gida, ko a tsare su a ce ta yaya suka sani. Duk naira dubun da aka karɓa a kan kanta tana rufe bakin wani mai labari.

Mu nan maƙwabtan barikin Giwa ne. Na san bariki na soja ne, ba ya ƙarƙashinka, kuma ba na ɗora maka nauyin abin da ba naka ba. Na kawo shi ne don ka fahimci irin tsoron da ke zukatanmu. Ranar Juma'a 14 ga Maris ɗin 2014, da 'yan Boko Haram suka fasa barikin suka saki waɗanda ke tsare, unguwanninmu ne suka zama filin daga, kuma ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe fiye da mutum 640 cikin waɗanda aka sake kamawa a ranar. Shekaru bayan haka mata suna ta yawo da hotunan mazajensu da 'ya'yansu, wasu a ƙarƙashin ƙungiyar Knifar, wasu a Jire Dole da Hajiya Hamsatu Allamin ta taimaka aka kafa, suna neman wanda zai ce musu yana raye ko ya mutu. A unguwa irin wannan, in aka ce an tafi da wane, uwa ba ta tunanin beli, tunaninta ko za ta sake ganinsa. Shi ya sa rajistar waɗanda ke tsare, wadda a wani gari aikin ofis ce kawai, a nan take da girman gaske.

Da zanga-zangar EndSARS ta tashi a Oktoban 2020, yawancinmu a Arewa ba mu fita ba. Mun ga jami'an rundunar 'yan sanda ta SARS a nan suna fafatawa da 'yan ta'adda, gwamnonin Arewa ma sun nuna ba su goyi bayan rushe ta ba. Sufeto Janar Muhammad Adamu ya rushe ta ranar 11 ga watan, aka kuma buƙaci jihohi su kafa kwamitocin shari'a domin sauraron waɗanda aka zalunta. Jihohi da dama sun kafa, mutane suka tsaya gaban alƙalai suka faɗi abin da aka yi musu, a Legas har an biya wasu diyya. Borno na cikin 'yan jihohin da ba su kafa ba. Ina ganin wannan kuskure ne. Rashin fitarmu titi ba ya nufin ba mu da ƙorafi, kuma jihar da ta fi kowace yawan masu neman bayani ita ce ta rasa wurin faɗa.

Sai ga 1 ga Agustan 2024, ranar farko ta zanga-zangar tsadar rayuwa. A wani gidan mai a Bolori ma'aikata suka rasa rayukansu. Rundunarku ta danganta abin da fashewar wani abu, Amnesty kuma a rahoton da ta fitar a watan Nuwamba ta ɗora alhakin a kan 'yan sanda, ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohi shida har da Borno. Hedikwatarku ta musanta. To ga magana biyu, kuma a tsakaninsu akwai matasan da suka fita neman halaliyarsu aka kai su maƙabarta. Runduna ba za ta zama ita ce wadda ake zargi, ita ce mai bincike, ita ce mai yanke hukunci, sannan ta sa ran a gaskata ta ba, ko da gaskiyar tana wajenta. Idan hannun jami'anka a wanke yake, bincike mai zaman kansa a bainar jama'a, inda shaidu za su yi magana ba tare da tsoro ba, ku zai fi yi wa amfani. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa na da ofis a garin nan. Ka nemi ta shigo, ka buɗe mata littattafan makamai da na aikin ranar.

Ba abin da ba zai yiwu ba nake roƙo. A Afrilun 2023 aka kori 'yan sanda uku da ke rakiyar mawaƙi Dauda Kahutu Rarara saboda harbin iska a cikin jama'a, aka tuɓe musu kaki a gaban kyamara cikin 'yan kwanaki. A Legas jami'in da ya harbe lauya Bolanle Raheem ranar Kirsimetin 2022 kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Oktoban 2023, ƙasa da shekara guda. A nan gida, a Janairun 2020, Gwamna Babagana Umara Zulum ya tsaya da kansa a shingen Njimtilo a kan hanyar Damaturu, ya zargi jami'an tsaro da karɓar kuɗi a hannun matafiyan da ba su da katin ɗan ƙasa, duk ƙasa ta ji. Abin da ya haɗa waɗannan ukun shi ne akwai bidiyo, ko babban suna, ko babban mutum a wurin. Mai ƙosai ba ta da ko ɗaya. Aikinka, ranka ya daɗe, shi ne ka sa ƙorafinta ya yi tafiya ko da babu kyamara.

Ga abin da nake ganin yana hannunka, ba sai ka jira Abuja ba. Kuna yi wa jami'ai shari'ar cikin gida, kuna rage muƙami, kuna kora, manyan kuma kuna tura batunsu ga Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda. To a riƙa faɗa mana. Duk wata uku kakakin runduna ya shiga gidan rediyo, da Hausa da Kanuri, ya ce ƙorafi nawa aka karɓa, daga wane yanki, nawa aka bincika, me aka yi wa waɗanda aka samu da laifi, nawa kuma aka gano ƙazafi ne. Wannan na ƙarshen ma yana da muhimmanci, don jami'in da aka yi wa sharri shi ma yana da haƙƙin a wanke shi a fili. Sashen karɓar ƙorafi da aka kafa tun 2015 a zamanin Sufeto Janar Solomon Arase yana nan, amma yawancin mutanen unguwarmu ba su san da shi ba, waɗanda suka sani kuma suna ɗauka na masu Turanci da intanet ne. A sa wanda zai amsa waya da harshen da tsohuwa ke ji, a ba ta lambar ƙorafinta, a kuma kira ta a gaya mata inda aka kwana.

Sashe na 70 na dokar 2020 ya ce alƙalin majistare ya ziyarci caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajista, ya ga waɗanda ke bayan kanta, ya ba da belin wanda ya cancanta. Ka zauna da Babban Jojin Jiha ku tabbatar ana yi a kowane ofis, ba tare da an sanar da DPO ranar zuwa ba. Kuma DPO ɗin da aka samu an karɓi kuɗin beli a ofishinsa, ko an tsare ƙani a madadin wa, shi ya kamata ya fara amsa tambaya, domin kurtu ba ya yin abin da ya san maigidansa ba zai lamunta ba. Jami'an da ke tare matasa su karɓi waya suna bincike, abin da Sufeto Janar ya hana tun Oktoban 2020, da masu fita aiki babu suna a ƙirji, su ma a san da su.

Zan yi rashin adalci in ban faɗi ɗaya ɓangaren ba. Na ga ɗakunan barikin da iyali guda ke cunkushe a ciki. Na san ana tura mota sintiri ba a ba da mai ba, na san jami'i kan sayi kakinsa da takalminsa, na kuma ga tsofaffin 'yan sanda a 2025 suna zanga-zanga a Abuja kan fanshon da ba ya kai su ko'ina bayan shekara 35 suna aiki. Wanda aka bari a haka an tura shi ga aljihun talaka. Ka faɗa wa na sama da kai wannan da babbar murya, mu ma za mu taya ka faɗa. Ba kuma zan manta da 10 ga Satumbar 2024 ba, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Fori da Galtimari da Gwange. Na ga 'yan sanda cikin ruwa har ƙirji, tare da sojoji da samarin unguwa, suna ɗauko tsofaffi da jarirai. Ranar babu wanda ya tsuke baki don ya ga kaki, kiran su ake yi da hannu biyu. Waɗannan jami'ai su ne aka fi cuta duk lokacin da aka rufa wa azzalumi asiri, don su ke shiga unguwa da baƙin jinin da wani ya jawo.

Ana ta maganar kafa 'yan sandan jihohi. Dattawanmu da suka ga zamanin 'yan dokan En'e, da yadda aka yi amfani da su a kan 'yan adawa a shekarun 1950 da 1960, suna da dalilin yin ɗari-ɗari. Ko ta tarayya ce ko ta jiha, tambayar da za mu yi ɗaya ce, wa zai hukunta jami'in in ya yi laifi, kuma ta yaya za mu sani. In ba a amsa ta yanzu ba, sabuwar runduna za ta gaji tsohuwar matsala.

Ina gayyatarka Galtimari. Ka zo ba jiniya, ka zauna da lawani da bulamomi da limamai, amma kada a tsaya a kansu, domin a gaban manya kowa godiya yake yi. A ware zama da direbobin keke, a ware wani da mata, jami'an yankin kuma su jira a waje har a gama. Za ka ji abubuwan da ba sa zuwa cikin rahoton da ake kawo maka kowace safiya. In ka tashi zuwa, ka taho mana da sakamakon ƙorafi ko da guda ɗaya ne da aka bi har ƙarshe, da kuma matsayar rundunarka kan buɗe binciken abin da ya faru a Bolori.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da jami'anka.

Wassalam,
Wani mazaunin Galtimari,
Ƙaramar Hukumar Jere, Jihar Borno.